Kwallar da Na Sayar Sau Tara

Ku yi ta dariyarku. Wai ke Ummi har da cewa dillanci ba aiki ba ne, hoton atamfa ake ɗauka a waya a tura wa mutane, a miƙe ƙafa a jira kuɗi. To sannu, babbar 'yar kasuwa! Ni Tasalla da kuke gani na fi shekara talatin da ƙunshi a ka tsakanin Gwarzo da Kabo, har gashin tsakiyar kaina ya gaji ya yi tafiyarsa. Kuma wallahi ba nauyin kayan ne wahalar ba. Ku kashe abin nan da ke ta ƙara, ku matso in ba ku labarin kwalla guda da na sayar sau tara.

Wurin Goggo Dije na koya, ƙanwar babana, bayan na fita takabar kakanku. Ranar farko na ci ado, na zaci atamfofi za ta miƙo mini. Sai ta miƙo wata tsohuwar langa ta ce in gaya mata ciwonta. Na juya, na juya, na ce lafiyarta lau. Ta karɓa ta ɗalle ta da farce, ta ce, "Saurara." Ta ɗaga ta saitin rana, sai ga wata 'yar huda an liƙe da sabulu. Ta ce, "Je ki gida. Gobe ki zo da ido da kunne, yau kwalliya kawai kika kawo." Wata shida ina binta gida-gida ban taɓa kuɗi da hannuna ba. Kayan aikin ba su da yawa: babbar fanteka, gammo, toka da lemon tsami na goge kwano, lalita a ƙugu, sai tsohon zane mai kauri na ƙunshi. Zanen nan shi ne gaba. Dillaliyar da za a hango ƙunshinta a gane kwano ne ko murjani, gara ta koma sai da ƙuli-ƙuli.

Doka uku Goggo ta kafa mini. Ta ce kayan gari ba a sayar da shi a garin: na Gwarzo a kai ƙasar Kabo, na Kabo a kawo Gwarzo, don kada mace ta je barka ta tarar ana zuba mata fura a kwanonta. Ta ce kafin ki karɓi abu ki tambayi inda ya fito, saya aka yi ko ba ta aka yi, kuma wa ya ba ta. Ta uku, bakinki alaikum. Ta ce, "Macen da ta kira ki ɗaki ta saki labule, ba kwano ta ba ki ba, asirinta ta ba ki. Ranar da asirin mace ɗaya ya tonu ta hannunki, ki sayar da fantekar ki sayi carbi, kin gama."

Sai ga zamanin ostariti, wato tsuke bakin aljihu. Aljihun ma ba komai a ciki, amma aka ce a tsuke. Sabulu sai an bi layi, kananzir sai an bi layi, hatsi kullum ka je ka tarar ya ƙara tsawo. Mu kuwa lokacin ne ƙafarmu ba ta hutawa. Kun san jeren da, kwanuka ne manya da ƙanana, wani cikin wani, a kabad ko a kan gado. To mata sai suka riƙa zare na ciki suna ba mu, su bar babban na waje da murfinsa yana ƙyalli. Baƙuwa ta shigo ta ce, "Kai, wance, ɗakinki tubarkalla!" Ni ina gefe ina cin goro, na san rabin jeren Gwarzo iska ce a ciki. Ban taɓa ko murmushi ba, kuma wannan ma aiki ne.

Wata Laraba da hantsi Saude ta aiko kirana. Matar Malam Isuhu ce, malamin firamare, suna haya a Unguwar Tudu. Mutum ne shiru-shiru, kullum biro a aljihu, ga tsohon keke mai kukan neman mai. Albashi ya yi wata da watanni bai leƙo ba, ga yara huɗu. Saude ta riga ta zare na cikin jerenta kaf ta hannuna, mijin na ganin tuwo kullum yana cewa Allah ya yi mata albarka, ta iya tattali. Ranar ta saki labule, ta hau kujera ta sauko da babbar kwallarta daga saman kabad, fara mai jan fure, murfinta da ɗan ɓantare a gefe.

Ta ce, "Iya Tasalla, ita ta rage. Don girman Allah ki kai ta nesa. In Malam ya sani, ba zai iya haɗiye tuwon gidan nan ba."

Na ce, "Haba 'yar nan, da wa kike magana? Zan kai ta inda ko tsuntsun Gwarzo bai taɓa zuwa ba."

Kun ga wannan cika bakin? Shi ya hana ni tambayar wa ya ba ta. Na ƙunshe abata na yi gaba, ina jin kaina.

Na shiga a-kori-kura zuwa Kabo, na sauka na taka har Masanawa, garin da ban taɓa kai kaya ba. Wata mata a bakin rijiya ta nuna mini wani gida, ta ce akwai tsohuwa mai daddawa, Inna Mairo, ba ta rasa ɗan abin hannu. Na yi sallama, muka gaisa, ina gajiya, ya gida, ya damina, ya jikoki, har ta ba ni tabarma a ɗakinta ta damo fura. Na kwance ƙunshi. Tsohuwar nan ta ɗauki murfin ta juya shi, ta daɗe tana kallon cikinsa. Akwai ɗigon shuɗin fenti uku a wurin, ni na ɗauka datti ne.

Ta ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga nesa, Inna. Wata Hajiya ce ta yi sababbi."

Ta ce, "Uhm. Hajiya."

Sai ta taya. Jama'a, kuɗin da ta taya ko murfin ba zai saya ba! Na ce albarka. Ta ce kwallar ta ji jiki. Na ce albarka. Ta ce furen ma ya koɗe. Na ce Inna ki ji tsoron Allah, furen nan har ƙamshi yake. Na ɗaure kaya na miƙe sau biyu, tana cewa in gaida mutanen nesa. Sai da rana ta take tsaka muka daidaita, na ce na sallama, ta ce Allah ya amfana. Ta jawo adakarta daga ƙarƙashin gado za ta ɗauko kuɗi, ni kuma na kafa kai a ƙwaryar fura. Tana ɗaga murfin adakar, sai na hango hoto liƙe daga ciki: saurayi da hula, biro a aljihu. Malam Isuhu!

Furar nan ta hanci ta fito. Na yi tari har da hawaye, tsohuwa na bubbuga mini baya tana sannu. Da na samu numfashi na ce, "Inna, wane ne wannan?"

Ta rufe adaka ta ce, "Wani ne can."

Shi ke nan, na gane. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna ta damu da shi, shi ya sa hoton ma yake ɓoye cikin adaka. Duk faɗin ƙasar Kano, na ɗauko asirin Saude a ka, na biya kuɗin mota, na kawo wa uwar mijinta har ɗaki. Ashe ma ita ta ba ta kwallar ranar sunan ɗansu na fari, ɗigon fentin nan alamarta ce.

Na ce, "Inna, yanzu na tuna, kwallar nan tana yoyo."

Ta ce, "Ba ruwa zan zuba ba."

"Ai kuma an ce mai ita tana da iskoki."

"Za su tarar da nawa. Ciniki ya faɗa, ga kuɗinki."

Na kawo wa Saude kuɗinta, na cire la'adata, ban gaya mata inda na kai ta ba. Kwana biyar ban san ɗanɗanon abinci ba. Na tabbata tsohuwa za ta tara dangi ta ce matar ɗanta na sayar da kayan ɗaki, a kunyata Malam, a yi wa Saude ca, sannan kowace mace daga Gwarzo har Sabon Birni ta ji cewa ta hannun Tasalla aka tonu. Har na fara tambayar kuɗin carbi.

Rana ta shida ina fitowa daga wani gida kusa da kasuwa, sai na ji kukan keken nan. Malam Isuhu ne, ya ɗauro buhu a baya, kuma ko makaho ya shafa ya san kwalla ce a ciki. Na ce inna lillahi! Na dafe fanteka na bi shi da gudu. Ku dubi girmana, ku dubi ƙunshi a ka, takalmi ɗaya ya tsinke na bar shi a nan, masu awo na ihu, "Tasalla, lafiya? Wa ya mutu?" Ina cewa, "Ni ce, amma ban gama ba!"

Na faɗa gidan ina haki daidai ya sauke buhun a tsakar gida. Saude ta kwance, ta ga jan fure, ta sandare. Malam ya share gumi ya ce, "Inna ce ta ce ta ga wata kwalla irin taki, ta saya miki su zama biyu." Ya gaishe ni, ya ɗauki buta ya fice masallaci. Saude ta ɗaga murfi. Gero ne cike fal, an danna, a sama ga ƙullin kuka, ga daddawa, ga ɗan ƙunshin kantu na riɗi, wanda Malam ke so tun yana yaro.

Ta dube ni. "Iya Tasalla, ina kika kai ta?"

Na ce, "Nesa."

"Nesa ina?"

Na ce, "Masanawa."

Ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka. "Masanawa! Inda tsuntsun Gwarzo bai taɓa zuwa ba!" Sai dariya ta ƙwace mata, ni ma ta ƙwace mini, muka yi ta yi muna riƙe ciki, tana yi tana kuka, ƙafata ɗaya ba takalmi. Ta juye geron, ta mayar da kwalla saman kabad. Ta shirya ƙaryar da za ta yi in Malam ya tambayi ina ta biyun, wai an ara gidan biki. Bai tambaya ba. Muka ce ai maza ba sa kallon saman kabad.

Da na koma Masanawa da atamfofi, ina rarrafe da baki zan ba da haƙuri, Inna Mairo ta katse ni. Ta ce, "Ke dillaliya, in Hajiyar nan ta nesa ta sake fito da irin kwallar nan, kada ki kai ta ko'ina. Nan za ki kawo."

Na ce, "Inna, to ki aika musu da hatsin kawai mana, ki hutar da wuyana."

Ta harare ni. "In aika wa wa? In ce wa duniya wancan ya kasa? Yarinyar mutane ta rufa masa asiri, ni zan kware? Ni kwalla nake saya."

To haka aka yi ta yi, shekara da shekaru. In albashi ya zo, kwalla na sama tana hutawa, wani lokaci shekara biyu ba ta motsa ba. In ya maƙale, sai Saude ta saki labule ta ce, "Iya, ki kai ta nesa," tana kallon gefe. Ni kuma in ce, "Nesa sosai." Kuma kada ku zaci tsohuwar nan ta taɓa sassauta mini. Kowane zuwa sai ta ɗalle ta da farce, ta ɗaga ta saitin rana, ta samo mata sabon ciwo. Yau furen ya koɗe, gobe gindin ya lotsa. Sai mun yi albarka, albarka, har maƙwabta su leƙo. Ta matse ni a kan sule biyar, sannan ta cika ta da geron da ya ninka kuɗin kwallar. Bayan kwana biyar ko shida in ji kukan keke. Malam ya sauke ya ce Inna ta ga wata irin taki. Surukan nan biyu kuwa suna haɗuwa a suna da biki, Saude ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ba wadda ta taɓa cewa kwalla. Ni ma na ci la'ada tara a kan kwano ɗaya. Goggo Dije ta ce tun da take ba ta taɓa ganin kuskure mai riba irin nawa ba.

Na tara ya faɗo shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Lokacin ƙunshina ya koma hijabai da safa, kowa ya zama mai tsantseni, mai awo na shafa kwanonsa yana istigfari. Na kai kwalla ranar Litinin, muka yi cinikinmu, ta ba ni fura. Ranar Alhamis aka ce Inna Mairo ta yi alwalar azahar ta zauna a kan buzu, shi ke nan. Allah ya jiƙanta. Na yi kukan tsohuwar nan kamar ita ta haife ni.

Bayan sadakar arba'in aka aiko in je, don mu dillalai ake kira mu yi wa kayan mata kuɗi in za a raba gado. Mai rabon wani Malam Sule ne daga Kabo, mutumin kirki amma ba ya tsallake ko allura. Aka fito da komai tsakar gida, adaka, tukwanen daddawa, tabarmi, har tsintsiya. Magada na zaune, Malam Isuhu da ƙannensa mata uku, ga dattawan gari. Saude na Gwarzo da yara. Ina ta faɗin kuɗin kaya ana rubutawa, sai aka jawo buhu daga bayan gado, an ɗaure bakinsa tsaf. Aka zare, ga jan fure.

Lami, autarsu, mai baki kamar reza, ta ce, "A'a! Wannan ai ita Inna ta ba matar Yaya ranar suna. Me ya dawo da ita nan?"

Malam Sule ya ce, "To, sai a tantance. In aro ce, ta mai ita ce, a ware. In ta mamaciya ce, gado ce. Wa ya san yadda ta shigo gidan nan?"

Wata maƙwabciya, Allah ya shirye ta, ta ce, "A kan Tasalla ta shigo."

Ido ya dawo kaina kaf. Malam Sule ya ce, "Baiwar Allah, haƙƙin magada ne. Ki ji tsoron Allah ki faɗi abin da kika sani." In na ce aro ce, na yi ƙarya a kan gado, ga mamaciya ko ƙasar kabarinta ba ta gama kwantawa ba. In na ce saya ta yi, Lami za ta ce daga wa, kuma kafin la'asar an ji a Gwarzo. Asirin da na riƙe shekara goma sha biyar ke nan. Na buɗe baki na ce, "Malam, ita dai kwallar nan, fara ce, kuma tana da fure." Aka ce an gani. Na ce, "Murfinta ma da ɗan ɓantare."

Sai Malam Isuhu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, a bar Iya ta huta. Inna saya ta yi da kuɗinta. Daga ɗakina ta fito. Ni ne wani lokaci ba na iya cika tukunya, maiɗakina ta sayar ta rufa mini asiri, Inna ta saya ta cika ta mayar." Ya ƙara da cewa, "Sau takwas ina ɗauko ta a keke daga gidan nan. Kowane zuwa a ce an ga wata irin tata. Da haka ne, da yanzu ba wurin sa ƙafa a ɗakin. Lissafi fa nake koyarwa."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ya tuna zaman gado ne ya mayar da ita tari. Ni kuwa na saki baki. Ashe mutumin nan yana kallon saman kabad! Lami ta ɗaga murfin a hankali. Gero ne fal, an danna, ga kuka, ga daddawa, ga ƙunshin kantu a sama. Tsohuwa ta riga ta shirya, keke kawai take jira. Malam Isuhu ya kalli kantun nan ya kau da kai.

Malam Sule ya ce a ƙa'ida, kyautar da ba ta kai hannun mai ita ba har mai bayarwa ya rasu, gado ce, sai dai in magada sun yafe. Bai rufe baki ba Lami ta ce, "Mun yafe! Wallahi mun yafe, har buhun!" tana share hanci da gefen hijabi. Sauran suka ce sun yafe.

Da aka tashi, Malam Isuhu ya jawo keken ya ɗauko igiya, ya tsaya yana kallon kwallar. Ya ce, "Iya Tasalla, yau ba zan iya ba." Na ce ba komai. Na naɗa gammo aka ɗora mini. Sau tara ina kai ta fayau ba nauyi, ban taɓa sanin abin da take aunawa a cike ba sai ranar. Na taka da ita har bakin titi, na rungume ta a cinya a cikin mota, wuyana ya yi kwana uku bai juyu ba. La'ada kuwa ban karɓa ba, ku rubuta wannan a wayarku, don ba a saba ji ba.

Na sauke ta a tsakar gidan Saude, na gaya mata yadda aka yi, har maganar lissafi. Ta rufe fuska da zane ta daɗe. Can ta buɗe murfi ta ga kantu, ta mayar ta rufe. Ta ce, "Iya, ban taɓa tambayarki ba. Da kika kai mata na ƙarshen nan, me ta ce?"

Na ce, "Ta ɗalle ta da farce, ta ce ta tsufa, murfin ma ya fara rawa. Ta rage mini naira goma."

Saude ta yi dariya, ta yi dariya har ta kife a kan kwallar, daga nan kuma ba dariya ba ce. Na bar ta ta yi mai isarta, sannan na riƙe mata kujera ta hau. Tana nan saman kabad ɗinta har yau, ba ta sake saukowa ba.